Takarda Uku A Kan Kwali Ɗaya

A galibin gidajen Yamai akwai adakar ƙarfe wadda ba a cika buɗewa ba sai in an yi rasuwa ko za a yi ƙaura. A cikinta ake tara abin da aka daina amfani da shi amma zuciya ba ta yarda a jefar ba: tsofaffin kaye, takardun haihuwa, hotunan biki, zannuwan gado. A cikin irin wannan adaka ne, a wani gida na unguwar Bukoki, wani malamin lissafi ya tono wani kwali a daminar shekarar 2022. Girmansa bai fi na littafin karatu mai kauri ba, kuma a cikinsa akwai na'urar wasan bidiyo ta hannu mai suna Game Boy, da kaset ɗinta guda, da ɗan littafin bayani cikin Faransanci. Shekaru 29 ke nan da shigowar kwalin gidan.

Wanda ya tashi a birni cikin shekarun 1990 ba ya bukatar a gabatar masa da wannan na'ura. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da ita a watan Afrilu na 1989, ta isa Turai a 1990, kuma a can galibi ana sayar da ita tare da wasan Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko. Batir huɗu take ci, hotonta kuwa kore-kore ne marar launuka. Ga yaron Yamai, babbar falalarta ita ce ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Yawancin yaran unguwa a lokacin sun saba ne da na'urorin kwaikwayo ƴan ƙasar Sin, masu kaset ɗin da ke alƙawarin wasanni dubbai alhali ƴan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Saboda haka samun ta asali, cikin kwalinta, abin a zo a gani ne.

Yayan malamin ne ya kawo ta a hutun 1993, lokacin yana karatu a Faransa, shi kuwa malamin yana ɗan shekara 12. A wancan zamani faran ɗaya na Faransa daidai yake da sefa 50, watau dala goma. Bayan ƴan watanni, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa, faran ɗaya ya koma sefa 100, irin wannan tsaraba kuwa ta fi ƙarfin ɗalibi. Yayan ya gama karatu, ya dawo gida, ya yi aure, Allah ya yi masa rasuwa a 2006, ya bar ɗiya guda ƴar shekara biyu. Ita ce ta girma a hannun malamin, kuma ita ce ta ci jarrabawar bak a 2022, tana shirin shiga Jami'ar Abdu Mumuni, tana bukatar kwamfuta. Albashin malamin kolej kuwa, ga hidimar komawa lakwal ta ƴaƴa huɗu, kowa ya san inda ya tsaya.

Wani ɗan uwa da ke zaune a Turai ne ya ba da shawarar a sayar da na'urar. Ya ce a can akwai masu tara tsofaffin wasannin bidiyo kamar yadda wasu ke tara kan sarki, kuma a wurinsu kwali yakan fi abin da ke ciki daraja, domin na'urori an ƙera su miliyoyi, kwalaye kuwa yara sun yayyage su tun ranar farko. Maganarsa tana da tushe. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon wani kaset na Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a Amurka a kan dalar Amurka miliyan 1 da dubu 560, a watan Agusta kuma wani na Super Mario Bros. ya kai miliyan 2, watau sama da miliyar ɗaya na sefa. Malamin mutumin lissafi ne, bai ruɗi kansa ba: ya san waɗancan ba a taɓa ɓare su ba, nasa kuwa ya sha hannu da ƙura. Abin da ya sa rai shi ne kuɗin da zai kusanci na tsohuwar kwamfuta. Aka aika hotuna, aka samu mai saye, amma da sharaɗi guda: a raba kwalin da duk abin da aka manna masa, ba tare da an ji masa ciwo ba.

Abubuwa uku ne manne a jikinsa. Na farko ƴar takardar farashi ce ta kantin da aka saye shi, a kusurwar dama ta fuska. Na biyu faffaɗan salatif ne mai ruwan ƙasa, wanda mutanen Yamai suka fi sani da sikoc, da mahaifiyarsu ta ɗaure bakin kwalin da shi a wata ƙaura. Na uku wani siririn yankin kaye ne a bayan kwalin, an rufe shi da farin salatif, ɗauke da rubutun yayan da bik shuɗi: "Na ƙanena. Sai an gama aikin lakwal."

A daren farko malamin ya yi abin da kowa zai yi: ya sa farce a gefen takardar farashin ya ja. Takardar ta ɗago kaɗan, amma ta taso da fatar kwalin, wani farin tabo kamar ƙwayar gero biyu ya bayyana inda a da launi yake. Nan take ya janye hannu, ya tuna da maganar Hausawa cewa garin neman gira akan rasa ido. Matarsa ta ce a shafa man gyaɗa, kamar yadda take yi wa kwalaben da take zuba yaji. Allah ya taimake shi bai bi wannan shawara ba, domin abin da ya dace da kwalba guba ne ga takarda.

Dalilin haka yana cikin yadda aka yi kwalin. Jikinsa dunƙulen zaren takarda ne mai ruwan toka, a samansa an shimfiɗa wani farin shafe mai laushi, a kan shafen aka buga tawada, a kan tawadar aka bi da ɗan ƙyalli. Duk kyan kwalin yana cikin wannan fata ta sama, wadda ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Idan danƙo ya riƙe fatar fiye da yadda fatar ta riƙe jikin kwalin, to, ja da ƙarfi fatar zai tsige. Ruwa yana kumbura zaren ya lanƙwasa shi. Mai kuwa, na gyaɗa ne ko kananzir, yana shiga cikin zaren ya zauna, ya bar tabon da ba ya fita har abada.

Shi ma danƙon yana da nasa tarihi. Farin salatif dai Richard Drew ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin 3M na Amurka a 1930, takardar farashi mai manne kanta kuma Stanton Avery ya fito da ita a 1935. Duka biyun suna aiki da danƙon da ba ya bukatar ruwa ko wuta, dannawa kawai. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai na roba, wanda iska da zafi ke canza shi sannu a hankali: da farko ya yi laushi ya narke, ya tsotsu cikin takarda ya mai da ita rawaya kamar an ɗiga mata mai, daga baya ya bushe ya ƙeƙashe, ledar saman ta faɗi da kanta ta bar tabo. Akwai kuma na zamani da ake kira akirilik, wanda ba ya saurin yin rawaya, amma yana ƙara kama takarda da tsawon lokaci. Zafi yana gaggauta duk wannan. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, cikin adakar ƙarfe, ƙarƙashin rufin kwano, danƙo yakan tsufa da wuri fiye da yadda zai yi a ƙasar sanyi.

Wani abokin aiki ne ya kwatanta wa malamin wani dattijo a unguwar Zango, mai ɗinkin littattafai, wanda ya shekara fiye da arba'in yana yi wa Alƙur'anai da ƙamusoshi sabuwar riga. Dattijon bai taɓa jin sunan Nintendo ba, kuma bai damu ya ji ba. Ya juya kwalin a hannu, ya shinshina, ya ɗaga shi wajen haske, sa'an nan ya dubi farin tabon.

"Mushe, wannan aikin farce ne."

"Nawa ne, Baba. Gaggawa ce ta ja ni."

"To, ka gode Allah da ka tsaya a nan. Takarda ba ta son mai sauri. Ka zo gobe da hantsi, ka aro mini abin busar da gashi na mata, ka kuma sayo man birke, irin na birke mai lagwani. Kada ka kawo mini man mota."

Washegari dattijon ya fara da fitar da duk abin da ke cikin kwalin, ya cusa wani katako mai santsi daidai cikinsa domin kada fuskar ta lotsa in an danna. Ya kunna na'urar busar da gashin a mafi ƙarancin zafinta, ya riƙe ta nesa da kwalin kamar taƙi guda, yana kaɗa ta hagu da dama na ɗan lokaci, yana taɓa wurin da bayan yatsa. Ya ce in zafin ya fi ƙarfin bayan yatsa, ya fi ƙarfin tawada. Da danƙon ya yi laushi, sai ya zura bakin wani siririn katin roba ƙarƙashin kusurwar da ba a taɓa ba, nesa da inda farce ya yi ɓarna. Ya ƙi amfani da reza, ko da yake tana gabansa. Yadda ya ja takardar ma abin lura ne: maimakon ya ɗaga ta sama, ya kwantar da ita baya a kan kanta, yana janta daidai da fuskar kwalin, kaɗan-kaɗan, yana sake ɗumamawa duk lokacin da ta yi gardama. Takardar da ba ta fi kan sarki biyu ba ta ci kusan sa'a guda.

Ta fita, ta bar danƙo mai yauƙi. Dattijon ya ɗauki takardar da ya cire, ya riƙa danna gefenta mai danƙo a kan ragowar yana ɗagawa, danƙo yana ɗauke ɗan uwansa. Abin da ya saura ya mulmula shi da ɗan guntun ɗanyen roba, irin na tafin takalman da. Sai a ƙarshe ya buɗe man birken, bayan ya sa an buɗe taga an kuma kawar da murhun shayi, domin man yana kama wuta kuma shaƙarsa ba ta da kyau. Ya ɗiga shi a kan auduga, bai zuba a kan kwalin ba, ya fara gwadawa a leɓen ciki inda ido ba ya kaiwa, ya jira ya bushe, ya duba ko launi ya biyo audugar. Da ya ga bai biyo ba, sai ya riƙa dangwala wurin a hankali, ba ya gogawa, yana sauya auduga a kowane dangwale domin kada ya mayar da danƙon da ya ɗauke. Amfanin wannan mai shi ne yana narkar da danƙon roba, kuma yana tashi cikin iska da sauri bai bar maiƙo ba. Man mota yana da gauraye-gaurayen da ke barin shaida. Alkol na kantin magani ya dace da jikin na'urar, wanda roba ne, amma yana iya cin tawada da ƙyallin kwali. Ruwan goge jan farce kuwa ya fi duka haɗari, domin har robar na'urar yake narkarwa.

Da wurin ya bushe, sai wani abu ya bayyana wanda malamin bai zata ba. Inda takardar farashin ta zauna ya fito da launi mai haske, sabo fil, kamar ranar da aka buga shi, sauran fuskar kwalin kuwa ta koɗe. Takardar ta tafi, siffarta ta zauna. Dattijon ya yi murmushi ya ce wannan kam babu mai maganinsa, kuma duk wanda ya ce zai gyara shi da fenti maƙaryaci ne.

Salatif mai ruwan ƙasa bai ba da wahalar cirewa ba, domin ya riga ya mutu: ledar ta ɓanɓaro kusan da kanta. Amma danƙonsa ya daɗe da shiga cikin zaren kwalin. Man birke ya ɗauke na sama, na ciki ya ƙi. Bayan gwaji uku dattijon ya ajiye auduga ya ce a bar shi haka, domin ci gaba da jiƙa wurin zai cinye launin da ya rage. Malamin ya so a ƙara ko sau ɗaya, yana tunanin jikunan da tabon zai rage masa. Dattijon ya ƙi, ya ce rabin sana'arsa sanin inda ake tsayawa ne.

Saura ta uku. A nan dattijon ya daɗe yana dubawa. Ya bayyana cewa tawadar bik ta riga ta shiga cikin danƙon salatif ɗin da ya rufe ta, saboda haka duk wanda ya raba salatif da yankin kayen zai tafi da rubutun, duk wanda ya sa masa mai ko alkol kuma zai narkar da shi. Hanya ɗaya ce: a ɗago salatif da takarda tare, a matsayin abu guda, a bar su manne da juna. Ko hakan ma yana iya yagewa.

"Rubutun wa ne, Mushe?"

"Na yayana ne, Baba. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To, wannan ba ni zan yanke ba. Koma gida ka yi shawara."

A daren nan malamin ya ajiye kwalin gaban ɗiyar marigayin, ya faɗa mata yadda ake ciki: in an bar rubutun, mai saye zai janye ko ya rage kuɗi sosai, in an cire, ana iya rasa shi. Yarinyar ta daɗe tana kallon layin nan guda. Sa hannun mahaifinta ta sani a kan takardun hukuma, amma ba ta taɓa ganin inda ya rubuta magana irin ta gida ba, da Hausa, da wasa a cikinta.

"Baba, ku bar kwamfutar. Zan riƙa aron ta ƙawata."

"A'a, ɗiyata. Wanda ya rubuta wannan, karatu ya sa gaba da wasa. Ga shi nan da hannunsa."

Suka yi shiru. Daga baya ita ce ta ce a gwada cirewa, in ya fita lafiya a ba ta, in ya yage a ba ta guntayen.

Masu tara kaya na Turai suna son kwali kamar bai taɓa shiga hannun kowa ba. Masu aikin gidajen tarihi kuwa sau da yawa sukan bar tsohuwar alama a jikin abu, domin ita ce ke faɗin inda ya fito da hannuwan da ya ratsa. Takardar farashin nan ma shaida ce ta zamanin da faran yake sefa 50, kuma malamin bai jefar da ita ba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma talauci yakan sa mutum ya bi hujjar mai kuɗi. Abin da ya rage ga mai abu shi ne ya san me yake cirewa kafin ya cire, ya kuma adana abin da za a iya adanawa.

Dattijon ya yi aikin a safiya ta uku, da ɗumi kaɗan da katin roba, ba tare da ɗigon mai ko ɗaya ba. Yankin kayen ya fito cikakke, in ban da wata kusurwa da ta tsage. Ya ɗora shi a kan farar takarda mai kauri, ya riƙe shi ta baya da ƴan siraran takardu biyu da ya shafa wa kunun sitaci. Da malamin ya tambayi dalilin da ya sa bai yi amfani da gam na kanti ba, sai ya ce sitaci da ƙaro suna sakin takarda in an sa musu ɗan danshi, ko bayan shekara hamsin, saboda haka wanda zai zo bayansa zai iya warware aikinsa ba tare da ɓarna ba.

Wannan ƙa'ida ta dattijon Zango ita ce ƙa'idar manyan masu adana takardu na duniya, kuma sun koye ta ne bayan asara. Tsofaffin rubuce-rubucen da aka fara ganowa a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947, masana sun harhaɗa guntayensu da salatif a birnin Ƙudus cikin shekarun 1950, da kyakkyawar niyya, sai ga shi an shafe shekaru masu yawa ana fama da cire shi da tabonsa. Mu ma muna da abin da za mu yi asara. A nan Yamai, cibiyar binciken IRSH tana riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa, kuma a gidajen malamai daga Damagaram zuwa Tawa akwai wasu da ba a ƙidaya ba. A makarantunmu kuwa, duk littafin da ya yage salatif ake nema masa, duk takardar shaidar da ake ƙauna sai a kai ta a rufe da leda mai zafi, wadda ba ta sake rabuwa da ita. Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna iya rage wannan ɓarna da abu mai araha: kunun sitaci da siririyar takarda domin gyaran yagewa, fensir a maimakon bik a kan tsohon littafi, jakar takarda a maimakon leda mai zafi, da ajiye adaka nesa da rufin kwano da kuma ƙasa mai gara.

Kwalin ya tafi Turai a jakar wani matafiyi a watan Oktoba. Mai saye ya ga tabon salatif da farin ɗigon farce, waɗanda malamin ya nuna masa a hoto tun kafin a aika, ya rage wani abu daga farashin da aka fara ambata. Kuɗin da ya zo bai kai na kwamfutar ba, malamin ya cika da jika talatin daga aljihunsa. Ya koma Zango da goro da ladan aiki, ya kuma ɗauko ƙamus biyu na laburaren kolejinsu da salatif ya cinye bayansu, ya ajiye gaban dattijon. Yankin kayen kuwa yana ɗakin yarinyar, cikin ɗan gilashi, a bangon da rana ba ta bugawa, sama da teburin da take karatu.